Yadda ake zaɓen girman taya da sanyaya injin motar rimot mai gudun tsiya

Wannan bayanin na masu wasa da motar rimot ne, ba irin ta yara da ake saya a kasuwa lokacin sallah ana sa mata batirin tocila ba, ina nufin manyan nan masu batirin caji na LiPo da inji burashles, wato marar burushi a ciki, irin su Traxxas XO-1 da kamfanin ya tallata da gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160 ke nan, ko Arrma Infraction da Felony, ko Limitless irin wadda ta zo tsirara ba inji ba ESC, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, kai za ka zaɓa mata. Abin da ke juya tayoyin zan riƙa ce masa inji don in na ce moto sai ya rikice da mota, ƙaramar giyar da ke kan sandar inji ita ce finiyon, wadda take ci kuma babbar giya, a jikin ledarta za ka ga an rubuta spur.

Ni dai injina na farko ba gudu ne ya kashe shi ba, son kwalliya ne. Na ga wasu tayoyi manya masu kyau na saya na ɗaura, ban taɓa finiyon ba ban taɓa komai ba, motar ta ƙara gudu kuwa har ina ta murna, zuwa na huɗu sai na ji wani wari irin na fankar tsaye in koyil ɗinta ya ƙone, na ɗaga bodi na kai yatsa na janye da sauri. Daga ranar injin ya zama malalaci, yana juyawa amma ba ƙarfi, kuma ga shi ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka ɗauko ba sai ka yi oda daga waje ka zauna jira sati da satittika. Abin da na yi bayan nan ma wauta ce, na sayi fanka biyu wai su ne maganin. Ba su ba ne. Taya ita ma giya ce, in ka ƙara mata tsayi daidai yake da ka ƙara wa finiyon haƙora, kuma zafin inji daga nauyin giya yake fitowa, fanka sai a ƙarshe ake zancenta.

Fara da auna tayar da ke jikin motar

Kar ka yarda da ido. Ka ari tef ɗin tela ka naɗe tayar ta tsakiyarta ka ga kewayenta milimita nawa ne, wannan lambar ita muke so. In tsayin tayar ka sani, wato daga ƙasa zuwa sama, ka ninka shi da 3.14 ya ba ka kewaye, tayar da tsayinta milimita 100 ne kewayenta 314.

Lambobin da ke jikin leda suna ruɗa mutane. In ka ga 2.2 ko 2.8 ko 3.8 wannan girman rim ne a inci ba tsayin taya ba, tayoyi biyu duk 2.8 za su iya bambanta sosai a tsayi. Wasu kuma suna rubutawa ɓaro-ɓaro, kamar dBoots Hoons 42/100, faɗi milimita 42 tsayi milimita 100. Sai ramin nan mai kusurwa shida da ke bayan rim inda yake zama a kan aksul, yawancin motocin 1/10, wato masu kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, milimita 12 ne, na 1/8 da 1/7 milimita 17, manyan dodanni irin X-Maxx 24. In ramin bai dace ba tayar ba za ta ma shiga ba, akwai adafta da ake sawa amma a motar gudu ban son ta ko kaɗan, duk abin da ya ƙara lilo a ƙafa abokin gaba ne.

In motarka mai jan ƙafa huɗu ce to gaba da baya dole tsayinsu ɗaya. Za ka ce ai Felony tayar bayanta 53/107 ce ta gaba 42/100, e haka ne, amma kamfanin ya bambanta giyar dif, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin hagu da dama, ta gaba da ta baya don su tafi tare. Kai in ka kwaikwaya ba ka canza giyar dif ba gaba da baya za su yi ta kokawa da juna, ƙarfin da ya kamata ya tafi titi ya koma zafi.

Sai lissafi, ɗauko kalkuleta

Nan ne mutane ke tsallakewa kuma minti biyar ne kawai. Abu huɗu kake buƙata, KV ɗin injinka, ƙarfin batir, haƙoran giya biyun, da rashiyon cikin motar, wato sau nawa babbar giya ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, wanda yake rubuce a littafinta. Misali Slash mai jan baya 2.72 ne, Slash 4x4 kuma 2.85.

KV yana nufin juyi nawa injin zai yi a minti kan kowane bolt ɗaya in ba kaya a kansa. Kowane sel na LiPo 3.7V ne a suna, 4.2V in ya cika, to 6S, wato batir mai sel shida a jere, ya zama 22.2V, in ya cika fal 25.2V. A ce injinka 2050KV ne irin wanda ke zuwa a motocin Arrma 6S, 2050 sau 22.2 ya ba ka juyi 45,510 a minti.

Yanzu a ce babbar giya haƙora 46, finiyon 20, rashiyon ciki 2.8. Raba 46 da 20 ka ninka da 2.8, ka samu 6.44, wato sai inji ya juya sau 6.44 taya ta juya sau ɗaya. Raba 45,510 da 6.44, taya tana juyi 7,067 a minti, ninka da kewayenta mita 0.314, ninka da 60, raba da 1,000, ya ba ka kilomita 133 a awa. A takarda fa. A kan titi ba za ka gan shi cif ba saboda batir yana durƙusawa in an matse shi ga iska ga gogayya, amma ba wannan ne amfanin lissafin ba, amfaninsa kwatantawa.

Lambar da nake so ka riƙe ita ce nisan da motar ke tafiya a juyi ɗaya na inji, raba kewayen taya da 6.44 ɗin nan, 314 a raba da 6.44 milimita 48.8. Wannan shi ne ainihin nauyin da ke wuyan injinka. Cire tayar 100 ka sa ta 107, kewaye ya koma 336, lambar ta haura 52.2, kashi 7 cikin 100 ke nan ka ƙara wa inji kaya ba ka taɓa giya ba, kamar ka sa finiyon mai haƙora 21 da ɗoriya. In kana so ka dawo inda kake sai ka sauka finiyon 19, lambar ta dawo 49.6. In kuma irin tawa wautar ka yi ka tashi daga 100 zuwa 130, kashi 30 ne, finiyon 20 sai ya koma 15 kafin injin ya ji kamar da. Hanya mafi sauri, tsohon finiyon sau tsohon tsayi a raba da sabon tsayi, in ya faɗo tsakani ka ɗauki mafi kusa.

Kuma kar ka ce ai kashi 7 ba komai ba ne. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hawa ne fiye da yadda gudu ke hawa nesa ba kusa ba, in ka ninka gudu biyu ƙarfin sau takwas yake zama, daga kilomita 130 zuwa 160 kawai kusan ninki biyu ne. Zafin da ke cikin wayar koyil kuma in wutar da ake ja ta ninka biyu shi sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa haƙori biyu na ƙarshe su ke ƙona inji ba goman farko ba.

Babbar taya ko ƙarama, kuma wace iri

Tayar milimita 100 a gudun kilomita 160 tana juyi wajen 8,500 a minti. A wannan juyin duk giram ɗaya da ke bakin tayar yana fizga waje da nauyin kusan kilo 4, giram ɗaya fa, ɗigon gam ɗin da ya taru a gefe guda ko ɗan yashin da ya shiga ciki. Tayar milimita 65 irin ta ƙananan motocin titi 1/10 kuwa sai ta yi juyi sama da 13,000 kafin ta kai wannan gudun, giram ɗayan nan ya haura kilo 6, boris ɗin ƙafa ma yana shan wahala. To ka ga ƙaramar taya ba ta tsira ba, tana rage wa inji kaya kuma tana kwantar da motar ƙasa amma ita kanta ta fi galabaita. Babba kuma ta fi haɗiye ƙananan tsakuwa da tsagewar kwalta, sai dai ta fi nauyi, tana ɗaga motar sama iska ta samu hanyar shiga ƙarƙashi, kuma duk wanda ya taɓa ganin mota ta ɗaga hanci a tsakiyar gudu ta tashi kamar faifai ta dawo a tarwatse ya san abin da nake faɗa. Ra'ayina, a motar 1/8 ko 1/7 ka tsaya kusa da milimita 100 ɗin da aka ƙera ta da shi, gudun ka nemo shi a finiyon, don finiyon haƙori ɗaya ɗaya kake hawa kuma ya fi taya arha nesa ba kusa ba. Gaban motar ya ɗan fi bayan kwanciya kaɗan.

Tayar roba zalla mara ɗamara kumbura take yi in ta ɗau juyi, tsakiyarta ya tashi ta koma siririya doguwa kamar faranti. Illa biyu ke nan a lokaci guda, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu motar ta fara rawa, sannan tsayin tayar ya ƙaru a daidai lokacin da inji yake kan iyakarsa, wato lissafin da ka yi da tef ɗin tela ya tashi a banza, giyar ta ƙara nauyi da kanta. Ka gwada ka gani, ɗora motar a kan bulo tayoyi na lilo ka ɗan ja totur kaɗan kana tsaye a gefe ba saitin tayar ba, kar ka matse duka ba kaya za ta iya fashewa.

Maganin shi ne taya mai ɗamarar zare a ciki, a leda ana rubuta belted. Hoons ɗin da na ambata irinta ce, akwai na GRP 'yan Italiya da masu gudu ke yawan ɗaurawa a motocin 1/8, suna zuwa da lambar tauri, ƙaramar lamba laushi babba tauri. Mai laushi ta fi kama ƙasa amma a kwaltar da rana ta gasa narkewa take kamar cingam, ka ɗauki matsakaiciya ko mai ɗan tauri. Sai tayar soso, ita ba ta kumbura sam kuma ba nauyi, ana ma iya fere ta a rage tsayi, amma tana son titi sumul mai tsabta, in akwai tsakuwa gutsurewa take, kuma tana cinyewa da sauri har tsayinta ya ragu sai ka riƙa sake aunawa.

In ba kuɗin mai ɗamara akwai dabarar talaka, kafin ka manna tayar ka juya cikinta waje, ka goge, ka naɗa salatif mai zare ko mai ƙarfin nan na yadi zagaye ɗaya da ɗan ɗoriya a tsakiya, ka mayar. Yana rage kumburi sosai a matsakaicin gudu. Amma in kana neman 150 zuwa sama kar ka dogara da shi.

Gam da balansin

Goge bakin taya da bakin rim da sifirit don akwai wani maiƙo da suke fitowa da shi daga masana'anta wanda ke hana gam kamawa. Sa sufa gulu mai ruwa-ruwa siriri ya zagaye ko'ina, ɗaure da robar kuɗi, bar shi ya kwana. Ko wadda ta zo a manne ce ka bi bakin da babban yatsa kana ja, duk inda ya buɗe ka ƙara. Haka za ka yi kafin kowane fita.

Balansin kuma kamar na masu alaimen ne sai dai namu da hannu. Ɗora tayar a kan sanda mai boris da ke juyawa sakayau, ka sake ta, ɓangaren da ya fi nauyi zai sauko ƙasa, sai ka manna ɗan ƙullin danƙo mai nauyi a cikin rim ta ɓangaren sama, ka yi ta gyarawa har ta riƙa tsayawa duk inda ka bar ta. Girgiza ta kusa da kunne, in ka ji yashi ya shiga ta ramin rim a fitar da shi. Notin taya ka ɗaure shi tamau.

Yanzu zafi, nawa ne ya yi yawa

Sayi bindigar auna zafi, amma ba irin wadda aka yi ta ɗora mana a goshi lokacin korona ba, waccan iyakarta zafin jikin mutum, ta masu gyaran inji za ka nema. Duba ko tana kan C ko F, don Amurkawa da F suke magana, in ka ji suna cewa 160 ko 180 to digiri 71 da 82 ke nan a namu. Kuma bindigar tana yin ƙarya a kan alminiyon mai sheƙi, ƙasa da gaskiya take nunawa, sai ka manna ɗan baƙin salatif na masu wayarin a jikin injin ka riƙa aunawa a kansa kullum wuri ɗaya.

Ni ƙa'idata jikin inji ya tsaya ƙasa da digiri 70, in ya taɓa 80 an tashi wasa sai ya huce kuma a sauke finiyon. ESC ma haka nake riƙe shi ƙasa da 70. Batir kar ya wuce 60, in ya fara kumbura ya gama aiki. Dalilin da ba a kai inji ƙarshe shi ne abin da ka auna a waje bai kai na ciki ba, can ciki inda koyil da maganaɗisu suke ya fi zafi, kuma maganaɗisu in ya dahu ƙarfinsa ba ya dawowa, daga nan sai injin ya riƙa jan wuta fiye da da yana ƙara zafi yana ƙara lalacewa, abin da ya samu nawa ke nan. Ka auna da zarar motar ta tsaya, ka sake aunawa bayan minti ɗaya, sau da yawa na biyun ya fi yawa don zafin ciki ne ke fitowa, shi za ka rubuta.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mutumin da ke Ingila ya gwada giyarsa ana digiri 15 a gari injinsa ya tsaya 70 ya ce lafiya lau, wato injin ya ƙara 55 a kan zafin gari. Kai ka kwafi giyar nan tasa ka fita da ita a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ana 42, 42 da 55 nawa ke nan, 97. Mota ɗaya giya ɗaya taya ɗaya. Kwaltar ma ta fi iskar zafi kuma motar a kanta take kwance. Don haka duk giyar da ka ji wani ɗan ƙasar sanyi na yabo ka rage mata haƙori biyu ko uku kafin ka fara, kuma ka fita bayan asuba, lokacin titi ma ba kowa. Giyar da ta yi maka daidai da hunturu ba lallai ta kai ka bazara ba.

Abubuwan da ake dubawa kafin a sayi fanka

Cire finiyon ka tura motar da hannu a siminti, ya kamata ta gangara sakayau. In tana turjewa akwai boris da ya mutu ko yashi ya shige shi, ƙurar hunturu ba ta da imani a kan boris, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har na cikin injin.

Haɗuwar haƙoran giya biyun kar ta matse. Yanki 'yar takardar littafi ka sa tsakaninsu, matsa injin ka ɗaure, juya takardar ta fita, in ka riƙe finiyon ka motsa babbar giya ka ji ɗan ƙas-ƙas kaɗan to ya yi, ka duba wuri uku ko huɗu a zagayen don ba kowace giya ce da'ira cif ba. Kuma irin haƙoran su zama ɗaya, wato lambar girman haƙorin da ke jikin ledarsu, mod 1 da mod 1, 32P da 32P.

Shiga saitin ESC ka sauke taimin ɗin inji, taimin mai yawa yana ƙara ɗan juyi amma da zafi ake biyansa, ka kuma rage ƙarfin fizgar tashi. Waya da soket su ma suna dafa kaya, a 6S ka yi amfani da waya mai kauri lamba 10 ko 8 gajera, soket irin EC5 ko XT90, in ka haura nan QS8. Bayan gudu ka taɓa kowane soket, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi dalmarsa ba ta kama da kyau ba, kai wa mai gyaran rediyo da ke da babban ayon ya sake.

In duk ka yi wannan zafin bai sauka ba to injin ne ya yi wa aikin kaɗan. Lambar sunansa girmansa ce, 3660 kauri milimita 36 tsawo 60, 4074 kauri 40 tsawo 74, babban gwangwani ya fi ɗaukar zafi kafin ya cika. Akwai kuma hawa bolt da sauke KV, don am, wato yawan wutar da ake ja, ya ragu, wat 2,000 a 4S am 135 ne, a 6S am 90, a 8S wajen 68, waya da soket da ESC da batir su ne suka fi samun sauƙi a nan, amma ka tabbata ESC ɗin ya yarda da sel ɗin kuma KV sau bolt bai haura iyakar juyin da aka rubuta wa injin ba. Finiyon da ya yi ƙanƙanta da yawa ma yana kawo zafi, injin ya yi ta ihu a ƙarshen juyinsa ba aikin yi.

To yanzu fanka

Nemi rigar alminiyon mai haƙarƙari daidai kaurin injinka, 36 ko 40 zuwa 42 ko 56, ta kama shi gam ba lilo. Shafa ɗan man nan da masu gyaran kwamfuta ke sawa a kan furosesa tsakaninsu, siriri, in ba haka ba iska ce a tsakani kuma rigar ta zama bargo. Fanka milimita 30 ko 40, ɗaya ko biyu, ta riƙa hura iska kan injin ba zuƙa ba, ka gwada da 'yar takarda ka ga inda take turawa. Mai firam ɗin ƙarfe ta fi jure faɗuwa, ka sa mata raga saboda tsakuwa ɗaya ta isa ta karye fiffike, sukurorin kuma a ɗiga musu gam ɗin noti mai shuɗi.

Wutar fanka a kula. Yawanci a risiba ake soka ta, ɗan akwatin da ke karɓar saƙon rimot, wato tana cin wuta kwano ɗaya da ɗan injin da ke juya sitiyari, fankokin nan masu ihu suna ja sosai, in wutar ta gaza risiba ta ɗauke na daƙiƙa ɗaya a gudun 160 motar ta yi mita 44 ba direba. Ni ɗan ƙaramin batir 2S nake ba su daban, bayan na duba cewa fankar ta yarda da 8.4V.

Gaskiyar magana gudun gwaji daƙiƙu kaɗan ne, a cikinsu fanka ba ta isa ta kwashe zafin da inji ke zubowa ba, aikinta na gaske tsakanin zuwa da zuwa ne, ta dawo da shi ƙasa da wuri. Don haka in motar ta dawo cire bodi, kai ta inuwa, bar fanka na aiki. Huda bodi kuma da hankali, in ka buɗe wa iska ƙofar shiga a gaba dole ka buɗe mata ta fita a baya wadda ta fi girma, in ba haka ba bodin ya cika da iska ya ɗaga motar. Kar ka tsiyaya wa inji mai zafi fiya wata, na ga masu yi, boris ne zai yi tsatsa. Batir kuma ba a sanyaya shi da ƙanƙara, LiPo ya fi ba da wuta in yana da ɗan ɗumi, a garinmu kuwa ɗumin kyauta ne, abin kiyayewa shi ne kar ka bar shi a cikin mota a kulle a rana.

Ranar gwaji

Nemi titi miƙaƙƙe sumul mai tsawon mita ɗari huɗu ko fiye wanda ba mutane ba ababen hawa, ka taka shi da ƙafa ka share tsakuwa, ka tafi da mutum ɗaya ya tsaya yana duba maka yara da awaki da masu babur, abu mai kilo biyar ko shida a wannan gudun karya ƙafa yake. Gwada nisan rimot ɗinka tukuna a hankali. Ɗaura ɗan GPS irin SkyRC a ciki don ido ba ya auna gudu, kowa gani yake tasa ta yi 200. Nic Case da ya haura mil 202 a 2014 a Amurka, wato kilomita 325, motar da aka gina musamman don wannan ce, kar ka sa shi a ranka ranar farko.

Fara da finiyon da ka san ya yi sauƙi. Ja totur a hankali kamar kana matsa lemo, daƙiƙa uku zuwa huɗu kafin ka kai ƙarshe, fizga lokaci ɗaya ita ke jan wuta mafi yawa kuma ita ke juyar da mota, riƙe shi daƙiƙa biyu, saki a hankali, bar ta ta gangara kafin ka taɓa birki don birkin ma ESC yake gasawa. Dawo da ita a hankali, auna inji da ESC da batir, jira minti ɗaya ka sake, duba bakin tayoyi huɗun, rubuta komai a littafi har da zafin gari da tsayin taya. In ESC ɗinka irin na kamfanin Castle ne mai ajiye bayanin am da bolt da zafi, ka buɗe a kwamfuta ka gani.

Sai injin ya sauko wajen digiri 40 zuwa 45 za ka sake. In akwai sauran fili ƙara haƙori ɗaya ko biyu, abu ɗaya kawai ake canzawa a kowane zuwa, in ka canza taya da finiyon tare ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Za ka kai inda ka ƙara haƙori gudun bai ƙaru ba ko ya ƙaru da kilomita ɗaya tak amma zafi ya yi tsalle da digiri goma, to nan ne bangon wannan injin da wannan batirin, koma haƙori ɗaya baya ka zauna a nan. In kun tashi ka sauke batiran zuwa 3.8V kowane sel kafin ka ajiye su, tayoyin kuma ka goge su ka sa a leda nesa da rana.